Babi na Huɗu: Tsara Aikin Ƙungiya Tun Kafin a Fara

Iyayena mata da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Ku buɗe littafin rubutu, ku nemi shafin da ba a taɓa rubuta komai a kansa ba. Ku fiƙe fensir. Kada a taɓa biro a wannan babi, domin za mu yi ta gogewa, kuma gogewa ba abin kunya ba ce.

Darasi na 1: Tambayoyi huɗu

Kusan kowaccenku tana cikin wata ƙungiya. Wata ta adashe ce, wata ta masu tatsar man gyada, wata ta masu kiwon awaki. Kun kuma ga ƙungiyoyin da suka watse. Akan ce ma'aji ce ta ci kuɗi, amma sau da yawa ba wanda ya ci ko kwabo. An dai tara kuɗi, kaka ta zo, gyada ta yi araha a kasuwa, ana ta cewa za a saya, ba a saya ba. Sai da bazara ta shigo, farashi ya hau, sannan aka tafi kasuwa a gurguje. Riba ta tafi, zargi ya shigo, zumunci ya lalace.

Maganin wannan shi ne tsari. Ku zauna tun kafin lokaci, ku amsa tambayoyi huɗu, ku rubuta amsar: Wane aiki za a yi? Wa za ta yi? Yaushe? Nawa zai ci?

A 1991, a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara aiki da matan karkara a kan asusun da ake kira Mata Masu Dubara. Yawancin matan ba su iya rubutu ba, haddace lissafi suke yi. Amma kafin a zuba ko dala, sai sun daidaita a kan nawa kowacce za ta kawo, wace rana ake haɗuwa, yadda za a ba da rance, da lokacin da za a fasa asusu a raba. A irin wannan ƙungiya akwatin kuɗi yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam. Wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashen Afirka masu yawa. Su da ka suka riƙe tsarinsu. Ku ga shi Allah ya ba ku fensir.

Nakan ji wata ta ce, "Malama, gobe ta Allah ce, mu wa muke da za mu tsara ta?" Gaskiya ne, gobe ta Allah ce. Amma ku tuna Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ce a yi noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, domin shekara bakwai na fari suna tafe. Ki rubuta "in sha Allahu" a saman shafinki da babban baƙi, sannan ki ci gaba da tsarinki a ƙasa.

Aiki: A layi na farko, a ƙarƙashin "in sha Allahu", rubuta abu ɗaya da ƙungiyarku take so ta yi bana. Ɗaya kawai. Kada ki rubuta "muna son ci gaba", domin ba a ƙirga ci gaba. Ki rubuta abin da za a iya ƙirgawa, kamar haka: "Za mu sayi gyada buhu 4 da kaka, mu ajiye, mu tatsi mai daga Janairu zuwa Mayu."

Darasi na 2: Zana gidaje huɗu

Ki ajiye littafin a gabanki. Ki ja layi daga sama zuwa ƙasa, a tsaye. Ki sake ja, ki sake ja. Layi uku ke nan. Layi uku suna ba da gida huɗu. Ki ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Idan kin ga biyar, kin ja layi huɗu, sai ki goge ɗaya. Idan babu rula, bakin wani littafin ya isa. Layin ko ya karkace ba komai.

Masu karatun allo ku kula. A nan daga hagu ake farawa, ba daga dama ba. Gidan farko shi ne na ɓangaren hannun hagunki. A samansa ki rubuta AIKI. A na biyu ki rubuta WA. A na uku YAUSHE. A na huɗu NAWA.

Yanzu ki farfasa babban aikin nan ya zama ƙanana. Sayen gyada ba aiki ɗaya ba ne. Akwai jin farashi a kasuwa. Akwai neman ɗakin ajiya. Akwai sayen katako da za a ɗora buhuna a kai, domin gyadar da ta kwanta a ƙasa tana jan laima, ta yi funfuna, kuma gyada mai funfuna guba ce ga hanta, ba a ba mutum ba a ba dabba. Akwai neman mota. Akwai tafiya kasuwar kanta. Kowane ɗaya ya samu layinsa a gidan AIKI, wannan a ƙarƙashin wannan. Ki bar fili tsakaninsu.

Darasi na 3: Suna ɗaya, rana ɗaya

Nan ne ake faɗuwa. Don haka za mu daɗe a nan, kada kowa ta gaji.

A gidan WA, a gaban kowane aiki, suna ɗaya ake rubutawa. Sunan mace ɗaya, wadda take zaune a taron, wadda ta ji, ta kuma ce ta yarda. A gidan YAUSHE, rana ɗaya ake rubutawa, da lamba.

Ku dubi yadda kuke yi idan biki ya taso. Ba wadda take cewa "mu duka za mu dafa". An san wadda za ta kai niƙa, an san mai wanke hatsi, an san mai tsayawa a kan tukunya, kuma an san ranar ɗaurin aure. Abin da kuka iya ke nan tun kuna 'yan mata. Shi nake so ku sauko da shi kan takarda.

Mu gwada layi na farko tare. Aiki: jin farashin gyada a kasuwa. Ki sa yatsa a kan kalmar, ki ja shi zuwa dama har ki tsallake layi. Kin shiga gidan WA. Me za ki rubuta? Idan kin rubuta "mu duka", goge. Idan kin rubuta "kwamiti", goge. Kwamiti ba ya hawa mota ya tafi kasuwa. Idan kin rubuta "wance ko wance", goge ɗaya, domin ranar kasuwa kowacce za ta zaci ɗayar ce ta tafi. Ko "ma'aji" kika rubuta, ki ƙara sunanta na yanka a gefe. Suna ɗaya. Madalla.

Wata za ta ce, ai aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Haka ne, tana iya neman masu taya ta, ko goma ne. Amma wadda za a tambaya ranar taro ita ce mai sunan. Wata kuma kunya take ji ta rubuta sunan yayarta ko uwar mijinta, kada a ce ta aiki babba. Ki tambaye ta cikin ladabi a gaban jama'a: "Yaya, kin ɗauki wannan?" In ta ce ta ɗauka, ki rubuta. In ta ce ba za ta samu dama ba, ba faɗa, a nemi wata. Abin da ba a yi shi ne rubuta sunan wadda ba ta zo taro ba.

Yanzu ki sake jan yatsa zuwa dama. Kin shiga gidan YAUSHE. Rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara. Oktoba shi ne wata na 10. To, ranar 12 ga Oktoba 2026 ga yadda take: 12/10/2026. Lambar farko rana. Ta tsakiya wata. Ta ƙarshe shekara. Ki faɗa da baki sau uku kina nunawa da yatsa: rana, wata, shekara.

Kada ki rubuta "nan ba da jimawa ba". Kada ki rubuta "da kaka", domin kaka wata da watanni ce. Kada ki rubuta "bayan Sallah". Wannan na ƙarshen shi ya fi yawa, kuma ga dalilin da ya sa yake cutar da ku. Shekarar Musulunci ta fi ta boko gajarta da kusan kwana 11, don haka Sallah takan matso baya kowace shekara. A Najeriya an yi ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu a 2024, a 2025 kuma aka yi ta ranar 30 ga Maris. Damina da kaka ba sa bin wannan lissafi. Gyada ba ta san Sallah ba, ruwan sama take bi. Aikin da ya shafi gona da farashin kasuwa a sa masa kwanan watan boko. Ki nemi kalanda mai ɗauke da lissafin biyu, ki rataye a ɗakin taro.

Mu sake, layi na biyu. Aiki: neman ɗakin ajiya. Yatsa zuwa dama. Suna ɗaya. Ta yarda? Rubuta. Yatsa zuwa dama. Rana, wata, shekara. Ki kuma lura, ranar samun ɗaki dole ta riga ranar sayen gyada, in ba haka ba buhuna za su kwana a zaure. Layi na uku, sayen katako. Suna ɗaya, rana ɗaya. Kin ga hannunki ya fara sabawa.

Zan faɗa muku gaskiya, iyayena. Nakan karɓi littattafai bayan an yi wannan darasi, in buɗe, in tarar da "mu duka" tun daga sama har ƙasa. Wannan ba rashin iya rubutu ba ne, domin wadda ta iya rubuta "mu duka" ta iya rubuta sunan maƙwabciyarta. Gudun ɗaukar nauyi ne. Kuɗin nan da kuke zubawa na ƙuli-ƙuli ne da ƙosai, da gumi kuka same shi, wasu ma sai sun rage cefane. Bai kamata ya narke ba don ana jin nauyin rubuta suna. Duk littafin da na gani da "mu duka" ko "bayan Sallah" zan mayar wa mai shi, ko wace ce, ko ta haife ni. Ku yi haƙuri, amma haka za a yi.

Aiki: Cika gidan WA da gidan YAUSHE na duk layukanki. Idan kin gama, ki ba ta kusa da ke ta duba. Abu biyu kawai za ta nema a kowane layi: suna ɗaya ne? Rana da lamba ce?

Darasi na 4: Kuɗi

Lambobin nan na misali ne, ku sa farashin kasuwarku.

A ce ku 20 ne, kowacce tana zuba N1,000 a mako. A mako ɗaya an samu N20,000. A mako 16 an samu N320,000. Ku kula da sifiri: dubu tana da sifiri uku a bayan waƙafi. In kin manta ɗaya, dubu ashirin ta koma dubu biyu.

A gidan NAWA: gyada buhu 4, kowane N70,000, ya kama N280,000. Mota da 'yan dako N12,000. Ɗaki da katako N10,000. A haɗa, N302,000. A cire daga N320,000, saura N18,000. Kada a raba wannan ragowar. A bar ta saboda tashin farashi ko rashin lafiyar wata.

Idan abin kashewa ya fi abin da ke akwati, a rage buhu. Ba a tsara aiki da kuɗin da wani ya yi alkawari, sai wanda ya shigo hannu. Kuma sayen ma, wa za ta riƙe kuɗin zuwa kasuwa? Suna ɗaya, rana ɗaya.

Darasi na 5: Dubawa

Kowane taro, bayan addu'a, magatakarda ta buɗe shafin ta karanta layi-layi. Aikin da aka gama a sa masa maki. Wanda ba a yi ba a tambayi mai sunan dalili, ba da tsawa ba, sannan a goge tsohuwar rana a sa sabuwa. Ba a barin gidan fayau.

Shafin ya zama kwafi biyu, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin magatakarda.

Darasi na 6: Shekara mai zuwa

Kada a yaga shafin bana. Da shi za a fara na baɗi.

Aikin gida: Ki zana gidaje huɗu a sabon shafi, ki tsara aiki ɗaya na ƙungiyarku, layi biyar. A zo da littafi da fensir ranar aji na gaba.