Babi Na 4: Ɗigo-ɗigo A Ganyen Dankali

Darasi na 1

Ƴan uwa, kowa ya tsinko ganyen dankali ɗaya daga ƙasan yaɗo, ya aza a tafin hannu. Ku duba sama, ku juya ku duba baya. In kun ga ɗigo mai ruwan ƙasa, da zobe cikin zobe, gefensa ya yi rawaya, fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a tuwon da ya kwana biyu a rufe. Laima take so. Iska da fantsamar ruwa ke kai ta daga ganye zuwa ganye. In ta yi ƙarfi sai yaɗo ya yi baƙi-baƙi, ganye ya zube, dankali ya kasa cika a ƙasa.

Darasi na 2

Ku jira raɓa ta bushe, sannan ku shiga lambu da buhu a hannu. Ku tsinke ganyen mai ɗigo, ku sa a buhu. A buhu, ba a kwarin kunya ba. Wanda ya manta kada ya ji kunya, kowa da haka ya fara. Ya sunkuya ya ɗauka, ya sa a buhu.

Ga dalili: ciwon ba ya mutuwa don an tsinke ganye. Yana nan kwance a busasshen ganyen, ranar ban ruwa ya tashi ya hau na lafiya.

A wani lambu a fadamar Maggiya na ga dattijo ya wuni yana tsinka, ya tara ganyen tsibi a bakin rijiya. Na ce: "Baba, ina buhun?" Ya ce gobe. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Ganye a buhu, buhu a bayan shinge, a ƙone ko a binne da zurfi, yau ba gobe ba.

Darasi na 3

Iri daga kan yaɗo mai lafiya ake yankowa, tsawon santimita 30, wajen taƙi ɗaya da rabi. Irin da ke da ɗigo, ko kyauta ne a kasuwar Tawa, ku bar shi.

Darasi na 4

Ruwa a gindi, ba bisa ganye ba, kuma da safe.

Darasi na 5

Bayan dankali ku sa albasa ko wake a wurin, shekara 2 ko 3. Maganar feshi, ku tambayi malamin gona.