Kafin a sauke maka akwatin fo-wil, a duba ƙarfen haɗi

'Yan'uwa masu fo-wil a Zariya, damina ta kama. Idan ƙaramar sandar giya tana lilo ko ta ƙi shiga 4H (giyar da tayoyi huɗu ke ja a gudun da aka saba), don Allah kada ka yarda a sauke akwatin fo-wil, wato wanda ke raba ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba da na baya, tukuna. Sau da yawa matsalar tana ƙarfen da ya haɗa sandar da akwatin: robar bushin ta cinye, fil ya faɗi, ko laka da tsatsa sun riƙe shi.

Ka ce wa bakanike ya cire ƙarfen, ya motsa hannun da ke jikin akwatin, inda ƙarfen ke kamawa, da kansa. In yana shiga kowane mataki daram, matsalar ba a cikin akwatin take ba. A wanke ƙarfen, a sa sabon bushin, a shafa giris. In kuma za ka shiga 4L (giyar ƙarfi ta tafiya a hankali), tsaya cak, sa furi, kada ka danna da ƙarfi.