Yadda Ake Karanta Tsofaffin Waƙoƙin Turanci Na Yanayi Har A Ji Zaƙinsu

Ina ɗan sakandare aka ba mu wata gajeriyar waƙa ta William Shakespeare, ta 18 cikin jerin da aka buga a 1609, inda yake tambaya ko ya kamanta abin ƙaunarsa da yini ɗaya na lokacin zafinsu. Na buɗe ƙamus, na ga an fassara lokacin da "bazara". Nan kaina ya ɗaure. Bazarar da na sani ita ce ta watan Afrilu, rijiyoyi sun ja baya, ana kwana a tsakar gida ana fifita. Wa zai yabi mutum da wannan? Na daɗe ina ganin waƙar ba ta da kan gado, alhali ni ne na karanta ta da kalandar garinmu.

Saboda haka matakin farko shi ne ka san shekarar mutanen Ingila kafin ka taɓa waƙarsu. A Landan, yinin ƙarshen Disamba bai cika awa 8 ba, na ƙarshen Yuni kuwa ya haura awa 16. Hunturunsu duhu ne da sanyi mai kashe tsiro, itatuwa su zubar da ganye su tsaya tsirara wata da watanni. Daga Maris zuwa Mayu ƙasa ke farfaɗowa, kuma abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne saukar ruwan fari, ranar da ƙasa ta yi ƙamshi ciyawa ta fara leƙowa. Yuni zuwa Agusta rana ce mai taushi da suke ɗoki kamar yadda manomi ke ɗokin hadari. Satumba zuwa Nuwamba kaka ce, sai dai tasu tana tafe da fargabar abin da ke biye da ita. In ka riƙe wannan, za ka gane dalilin da Percy Shelley ya rufe waƙarsa ta iskar yamma, wadda ya rubuta a Italiya a 1819, da tambayar cewa in hunturu ya zo, ashe lokacin tsiro zai yi nisa? Maganar mai haƙuri ce da ya tabbata sauƙi na tafe.

Na biyu, zaɓi gajeriyar waƙa ɗaya, ka karanta ta a bayyane sau biyu, ba tare da ƙamus ba. Karin rubutacciyar waƙar Hausa yana kan nauyi da sauƙin gaɓa, na Turanci kuwa yana kan gaɓar da ake dannawa da murya, don haka kunne ne ke kama shi. A karo na uku sai ka nemi ma'anar kalmomin da suka shige maka duhu.

Mataki na uku shi na fi so, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ɗauki biro ka rubuta duk abin da mawaƙin ya sa a gaban idonka, kada ka nemi darasi tukuna. Mu gwada da waƙar kaka ta John Keats, To Autumn, wadda ya rubuta ranar 19 ga Satumba 1819 bayan ya zaga gonakin bayan garin Winchester. Baiti uku ce, kowane da ɗango 11. A baitin farko komai cike yake: inabi ya hau jinkar ɗaki, tuffa ta lanƙwasa rassa, duma yana kumbura, ƙudan zuma sun cika saƙarsu har suna zaton ɗumi ba zai ƙare ba. A na biyu ya yi mutuntarwa, ya mai da kaka mutum. Ga ta zaune a ƙasan rumbu, iskar shiƙa tana ɗaga mata gashi. Ga ta ta yi barci a kan kunyar da aka girbe rabi, lauje a ajiye. Ga ta kuma kamar mai kala, kaya a ka, tana tsallake rafi ba tare da kayan sun girgiza ba. Duk wanda ya taɓa ganin mata suna dawowa daga kala da yamma ya san wannan tsayuwar wuya. Daga nan ta zauna bakin matsar tuffa, awa bayan awa, tana kallon ɗigon ƙarshe. Baiti na uku na kunne ne: ƙananan ƙwari suna kuka a bakin kogi, tumaki a kan tudu, gyare a cikin shinge, tsuntsaye suna taruwa a sama za su yi ƙaura. Ka lura waƙar ta taso daga safiya mai hazo ta sauka a faɗuwar rana, daga cikar 'ya'yan itace zuwa gonar da ta rage kututturen hatsi kawai.

Sai na huɗu: nemi gaɓar da maganar yanayi ta juya ta koma maganar halin ɗan Adam. Wani mawaƙin yakan nuna ta ƙarara. George Herbert, limamin coci a ƙauyen Bemerton kusa da Salisbury, yana da waƙa mai suna Virtue, wato nagarta, da aka buga a 1633, shekarar da ya rasu. Baiti huɗu ce ƙwar huɗu. Ya yabi yini mai sanyi da haske, ya ce raɓa za ta yi kukan faɗuwarsa da dare. Ya yabi fure, ya ce saiwarsa tun farko a kabarinta take. Ya yabi lokacin tsiro, ya kira shi akwatin kayan ƙamshi. Baitocin nan uku duk da mutuwa suka ƙare. Na huɗun ya buɗe da kalma mai nufin "sai dai": rai mai nagarta kaɗai ne ba ya karyewa, kamar icen da ya bushe ya ƙeƙashe, ko da duniya duka ta zama gawayi. Ka tuna da tsohuwar azara a rufin soro, sai hoton ya zauna maka. Wanda ya taso yana jin waƙoƙin wa'azi na gudun duniya ba zai ji wannan baƙo ba.

Keats kuwa bai faɗi darasi ko ɗaya ba, kuma kada ka ƙaƙaba masa. Abin da ya yi kawai, ya tambayi ina waƙoƙin lokacin tsiro suka tafi, ya ce wa kaka kada ta damu da su, ita ma tana da nata kiɗan. A ganina wannan ɗango ya fi dogon wa'azi koyar da wadatar zuci.

Tarihin mawaƙi ka bar shi ƙarshe, don kada ya rufe maka waƙar. Bayan ka gama ne zai amfane ka ka ji cewa Keats ya yi jinyar ƙanensa Tom har tarin fuka ya ɗauke shi a Disambar 1818, shi ma ciwon ya kashe shi a birnin Rum a Fabrairun 1821, yana da shekara 25. Da wannan a ranka ka koma kan mutumin nan da ke zaune yana kallon ɗigon ƙarshe ba tare da gaggawa ba.

Abin da ya rage hadda ce. Baiti ɗaya ya isa, ɗango biyu kowace safiya. Ni baitin Keats na biyu na riƙe, kuma in kaka ta yi nakan bi ta bakin masussuka bayan la'asar, lokacin da iska ta taso mata suka ɗaga ƙwarya, in karanta shi a hankali ina tafiya.