Yadda Ake Amfani da Ƙarin Sinadarai a Abincin Ragunan Turka

Mai turka da ya sayo 'yan raguna daga Zangon Tudun Wada ko kasuwar Kawo a Kaduna da niyyar fitar da su lokacin Babbar Sallah ba ya daɗewa kafin a fara yi masa tallar gari da ruwa iri-iri da ake cewa suna sa ƙiba. Daga cikin waɗannan abubuwa akwai masu amfani, akwai waɗanda ba su ƙara komai sai kashe kuɗi, akwai kuma masu kashe dabba idan aka kuskure awo. Abin da zai taimaka wa mai kiwo ya bambance su shi ne sanin inda suke aiki, domin yawancinsu ba jikin ragon suke fara taɓawa ba, tumbinsa suke gyarawa ko su ɓata.

A cikin tumbin rago akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani, kuma su ne suke narka harawa da kara da dusa, su mayar da su abin da jiki zai iya amfana da shi. Waɗannan ƙwayoyi suna son tumbi marar tsami sosai, wato wanda ma'aunin tsaminsa yake tsakanin 6 da 7, kuma suna buƙatar makonni biyu zuwa uku kafin su saba da sabon abinci. Idan aka cika wa rago dusa ko hatsi farat ɗaya, tsamin yakan ƙaru har ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, ƙwayoyin da ke narka ciyawa su mutu, ragon ya daina tuƙa, ya kama zawo, wani lokaci cikinsa ya kumbura. Saboda haka duk wani ƙari da za a sa a abinci, tambayar farko ita ce ko zai taimaki tumbi, tambaya ta biyu kuma ita ce wane giɓi yake cikewa.

Kafin a zo ga ƙari, dole ne tushen ya tsaya. A ba ragunan maganin tsutsar ciki da na hanta da zarar sun iso, a yi musu allurar rigakafin annobar mura da zawo ta ƙananan dabbobi, wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take samarwa, sannan a tabbatar akwai ruwa mai tsabta a gabansu dare da rana. Rago yana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato mai kilo 25 zai ci abin da ya kusa kilo 1, kuma ya kamata aƙalla rabin wannan ya kasance harawar gyaɗa ko ta wake ko ciyawa mai kyau. Ragon da tsutsa ta cika wa ciki, ko wanda ba ya ƙoshi, babu wani gari da zai sa ya yi nama.

Ƙarin da ya fi kowane muhimmanci shi ne mafi araha, wato gishiri da sinadarin kalsiyam. Gishiri yana buɗe wa dabba ciki, yana kuma sa ta shan ruwa, kuma kilo 1 ya isa a cikin kilo 100 na haɗin dusa. Batun kalsiyam ne yawancin masu turka ba su kula da shi ba, alhali a nan ake yin asarar da ta fi ciwo. Dusar masara da ta alkama da ƙulin angurya duk suna da sinadarin fosfaras da yawa amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, jikin rago kuwa yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu a abincinsa. Idan aka daɗe ana ba shi dusa zalla, fosfaras ɗin da ya yi yawa yakan fita ta fitsari, ya dunƙule ya zama tsakuwa a mafitsara, kuma da yake hanyar fitsarin namiji doguwa ce siririya, tsakuwar takan toshe ta, musamman ga wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami. Za a ga ragon yana miƙewa yana nishi, yana harbin cikinsa da ƙafar baya, yana karkaɗa wutsiya, fitsari na ɗiga kaɗan-kaɗan ko ba ya fita sam, a wasu lokuta ma a ga farin gari kamar gishiri ya bushe a gashin bakin al'aurarsa. Abin takaicin shi ne ragon da ya fi kowane cin dusa, wanda mai shi ya fi sa wa rai, shi ne yakan fara kamuwa, kuma sau da yawa saura makonni kaɗan Sallah.

Rigakafin wannan ba shi da tsada. Masu sayar da kayan haɗa abincin kaji suna da garin laimston, wato niƙaƙƙen dutse mai kalsiyam, kuma kilo 1 zuwa 1.5 a cikin kilo 100 na dusa yana taimakawa wajen daidaita lissafin, sai dai a kula kada a ɗauko farar ƙasar shafen gini a madadinsa. Garin ƙashi bai dace da wannan aiki ba, tun da shi ma yana ɗauke da fosfaras. Wanda yake ba da harawar gyaɗa ko ta wake da yawa ya riga ya rage haɗarin, domin harawa tana da kalsiyam. Inda dusa ta fi yawa a abinci, likitocin dabbobi sukan ba da shawarar a ƙara sinadarin amoniyam kuloraid, kimanin rabin kilo a cikin kilo 100, saboda yana sa fitsari ya ɗan yi tsami yadda tsakuwar ba za ta haɗu ba. Ga misalin haɗi mai sauƙi: dusar masara kilo 70, ƙulin angurya kilo 27, laimston kilo 1.5, gishiri kilo 1, amoniyam kuloraid rabin kilo. Rago mai kilo 25 zai fara da abin da bai wuce gram 150 ba a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har a kai gram 400 zuwa 500 cikin makonni uku, a raba safe da yamma, kuma a fara ba shi harawa kafin dusa.

Kanwa tana da matsayi babba a wurin makiyayanmu, kuma ba a banza ba. Tana ɗauke da sinadarin sodiyam, tana kuma rage tsamin tumbi kamar yadda bekin soda yake yi, wanda masu haɗa abincin dabbobi suke sawa kimanin kilo 1 a cikin kilo 100 idan hatsi ya yi yawa. Amma ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, jar kanwa daban, ungurnu daban, kuma abin da ke kashe tsamin tumbi yana kashe tsamin fitsari, wanda hakan ke ba tsakuwar mafitsara damar haɗuwa. A ganina ɗan kaɗan lokaci-lokaci ya wadatar, kuma jiƙa kanwa mai yawa a ruwan sha kullum ga ragon da ke cin dusa ba dabara ba ce. Haka nan babu ma'ana a haɗa kanwa da amoniyam kuloraid a lokaci guda, domin ɗaya yana warware aikin ɗaya.

Game da firimis, wato haɗaɗɗen garin bitamin da ma'adanai, doka ɗaya ce ba a karya ta: a sayi wanda aka rubuta cewa na tumaki ne. Tumaki ba su jure sinadarin jan ƙarfe kamar shanu da kaji, yakan taru a hantarsu na tsawon makonni ba tare da wata alama ba, sai rana ɗaya a ga idon rago ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi ja kamar jini, ya faɗi. Wannan dalili ne ya sa bai kamata a ba raguna abincin kaji ko dutsen lasa na shanu ba. Bitamin A ne aka fi rasawa da rani idan babu ɗanyar ciyawa, kuma tun da Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuni a 2024 da 2025, turkar waɗannan shekaru ta zo ne a tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare. Bitamin B kuwa ƙwayoyin tumbi suna yin sa da kansu idan dabbar tana da lafiya.

Takin yuriya shi ne ƙarin da ya fi buƙatar natsuwa. Yana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, kuma ƙwayoyin tumbi suna iya juya wannan naitirojin ya zama furotin, abin da ya sa yake da amfani ga wanda ba shi da abin bayarwa sai karan dawa da ƙaiƙayi da bambaron shinkafa. Sharaɗin shi ne kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na dukkan abincin da ragon zai ci, a fara da ƙasa da haka, a gauraya shi sosai da dusa, kuma kada a ba ɗan ragon da bai daɗe da yaye ba, domin tumbinsa bai gama ginuwa ba. Ba a zuba shi a ruwan sha, ba a ba dabbar da ta kwana da yunwa, ba a kuma haɗa shi da ɗanyen waken suya, saboda yana hanzarta juyewarsa zuwa guba. Idan awo ya wuce, cikin ƙasa da awa ɗaya za a ga makyarkyata da dalalar miyau da kumburin ciki, kuma taimakon gaggawa shi ne a ɗura wa ragon binega, wato ruwan khal, da ruwan sanyi kafin likita ya iso. Hanyar da ta fi aminci ita ce jiƙa bambaro: a narka yuriya kilo 4 a ruwa lita 50 ko fiye, a yayyafa wa busasshen bambaro kilo 100, a danne shi a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba har makonni uku, sannan a buɗe a shanya ya sha iska kafin a bayar. Bambaron yakan yi laushi, launinsa ya ɗan yi duhu, dabbobi su ci fiye da yadda suka saba. Wanda yake da wadatar harawa da ƙulin angurya ba ya buƙatar yuriya ko kaɗan.

Yis mai rai, irin mai kumbura burodi, wanda ake sayarwa a ƙunshe don dabbobi, yana shanye ɗan iskar da ke shiga tumbi tare da abinci, yana kuma taimaka wa ƙwayoyin da ke narka ciyawa da masu rage tsami. An fi ganin amfaninsa a makonnin farko na canjin abinci da kuma inda dusa ta yi yawa, amma sakamakonsa ba ya zama ɗaya a kowane garke, kuma zafi da damshi suna kashe shi, don haka ƙunshin da ya daɗe a rana a bakin shago bai cancanci kuɗinsa ba. Garin citta da tafarnuwa ma haka suke: ba su cutarwa idan kaɗan ne, amma ba su maye gurbin abinci. Ganyen zogale da 'ya'yan gawo kuwa abinci ne na gaske masu furotin, kuma wanda ya same su da araha ya yi sa'a.

Akwai magunguna irin su monensin da lasalosid da ake amfani da su a manyan gonakin wasu ƙasashe don inganta narkewar abinci da hana zawon koksidiya, sai dai tazarar da ke tsakanin awon amfani da na guba ƙarama ce, kuma ɗan kaɗan na monensin yana kashe doki. Mai gauraya abinci da hannu a tsakar gida ba zai iya raba su daidai ba, saboda haka ba na ba da shawararsu sai da likitan dabbobi a kai. Zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci kullum don ƙiba kuwa, Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi kira a daina a 2017, domin yana sa cututtuka su daina jin magani a dabba da mutum. Ƙwayoyin desametason da wasu ke ɗura wa raguna suna raunana garkuwar jiki, ba su gina tsoka, kuma iyalin wani ne za su ci naman ranar Sallah. Duk maganin da aka ba rago don jinya, a duba kwanakin da aka rubuta a jira kafin yanka, a kuma duba lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalin.

Yadda ake gaurayawa yana da muhimmanci kamar awon kansa. Ana auna ƙari da sikeli, ba da tafin hannu ba, a fara cakuɗa shi da mudu ɗaya na dusa, a juye wannan a cikin mudu goma, sannan a haɗa da sauran buhun a kan leda ana juyawa da shebur har launi ya zama ɗaya. A yi haɗin da ba zai wuce makonni biyu ba, a ɗora buhun a kan katako, musamman da damina, domin dusa da ƙulin gyaɗa masu fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma garin da ake sayarwa don kama wannan guba ba ya mayar da ruɓaɓɓen abinci mai kyau.

Ido ba ya iya tantance ko ƙari ya yi aiki, sikeli ne ke iyawa. A rataya sikeli a reshe ko a ƙarfen rumfa, a sa ragon a buhu, a auna shi da safe kafin ya ci abinci duk bayan makonni biyu, a rubuta. Ɗan ragon Yankasa da ke samun abinci mai kyau yakan ƙara gram 100 zuwa 150 a rana, Balami da Uda kuma sukan iya wuce haka saboda girman ƙashinsu. Mai raguna goma da ke son gwada sabon gari ya raba su biyar-biyar masu kusan nauyi ɗaya, ya ba rukuni ɗaya ya hana ɗayan, kada ya canza komai ban da wannan, bayan makonni shida ya kwatanta ƙarin nauyin da kuɗin da ya kashe. Wanda yake son a duba masa haɗin abincinsa kafin ya fara yana iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ko asibitin dabbobi mafi kusa da shi.