Yadda za ka farfaɗo da tsohuwar laptop ɗinka da Linux Mint

Jama'a don Allah ku daina jefar da tsofaffin kwamfutoci, tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025 mutane ke ta cewa sai sun sayi sabuwa, da wane kuɗin? Wallahi Linux Mint, wadda ake girkawa a madadin Windows, kyauta ce kuma RAM 4GB ma ya ishe ta.

Da farko ka kwashe hotunanka da takardunka ka ajiye wani wuri, kar ka yi wasa da wannan, in ka zaɓi goge diski lokacin girkawa komai zai tafi. Sannan ka sauke nau'in Mint da ake kira Xfce don ita ce mara nauyi, ka samu filash 8GB ka zuba ta a ciki da Rufus, wata manhaja ce da ke mayar da filash abin girkawa. Kashe kwamfutar ka kunna kana danna F12 in Dell ce, F9 in HP ce, ka zaɓi filash ɗin. Daɗin abin za ka iya gwada ta kafin ka girka, ka duba wayfai da sauti tukuna.

Firefox da LibreOffice, madadin Microsoft Office, suna ciki. Amma masu cin abinci da CorelDRAW ku dakata, ba ya aiki a nan, sai dai ku koyi Inkscape, manhajar zane makamanciyarsa.