Darasi na 9: A ina ake ɗaura injin iska a motar shiga daji?

Duk direban da ya taɓa barin kwalta a Mangu ko Bokkos ya shiga ƙauye ɗauko dankali ya san mai faci ba ya bin mutum daji. A cikin Jos, daga Farin Gada har Bukuru, ba ka rasa mai faci da injinsa a bakin titi. Amma da zarar ka hau burji ka yi nisa, daga kai sai safaya guda. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser da yawa suke ɗaura wa mota ƙaramin injin iska nata na kanta. Bakanikai suna ce masa kwamfuresa, amma ba shi ne wanda ke sanyaya cikin mota ba. Wannan da batir yake aiki. Duba jikinsa, za ka ga an rubuta 12V. Idan motarka mai 24V ce, sai ka nemi wanda aka rubuta wa 24V.

Amfaninsa ya wuce ranar da taya ta yi faci. A kan kwalta, iskar tayar irin waɗannan motoci yawanci tsakanin 30 ne da 35 a geji. Ainihin lambar motarka tana rubuce a 'yar takardar da aka manna a bakin ƙofar direba. A hanya mai duwatsu da gargada, idan ka rage zuwa 25 ko 26, tayar za ta yi laushi, ta kama ƙasa da kyau, mota ta rage jijjiga. A yashi ana sauka har 18. Da kaya mai nauyi kuwa ba a ragewa da yawa. Matsalar ita ce dawowa kwalta: taya mai ƙarancin iska idan ta yi gudu sai ta ɗau zafi, tana iya fashewa. Wanda ke da injinsa sai ya tsaya a bakin kwalta ya mayar da iskarsa, ya wuce.

To, an sayo inji. Ina za a ajiye shi?

Karanta wannan hirar da ƙarfi. Wani matashin direba ne ya je garejin wani dattijo mai rewaya.

"Baba, barka da aiki. Inji na sayo, ina so a ɗaura mini a cikin bonet."

"Yawwa ɗana, sannu da zuwa. Buɗe mu gani. A ina kake so?"

"Ga fili nan, Baba. Zai shiga daidai."

"Daga ina ka taso yanzu?"

"Daga Barikin Ladi."

"To, kai hannunka wurin, amma kar ka taɓa ƙarfe."

"Kai! Baba, ai wuta ce!"

"Bakin salansa ne a ƙasansa. Wurin da hannunka bai iya minti ɗaya ba, ta yaya abin da ka saya da kuɗinka zai yi shekara?"

Dattijon nan ya faɗi rabin darasinmu. Injin iska da kansa yana haifar da zafi, domin iska idan aka matse ta sai ta yi zafi. Kansa, wurin da tiyo ke fita, yana iya ƙona fata bayan 'yan mintoci da kunnawa. Saboda haka kamfanoni suke rubuta tsawon lokacin da zai yi aiki kafin ya huta. Idan ka ga 33% a kwali, ma'anarsa kashi ɗaya aiki, kashi biyu hutu, kamar minti 10 yana aiki, minti 20 yana hucewa. Idan ka ga 50%, rabi da rabi ke nan. Mai 100% ba ya bukatar hutu, sai dai kuɗinsa ya fi. Wannan lissafin kuma an yi shi ne a wuri mai iska, ba a gefen inji mai zafi ba. Wanda aka ɗaura kusa da salansa tun kafin a kunna shi ya riga ya gaji. Masu kyau daga cikinsu suna kashe kansu idan zafi ya yi yawa, sai ka zauna jira da tayoyi biyu cike, biyu a kwance. Marasa kyau kuwa ƙonewa suke yi.

Ba a ce cikin bonet haramun ne ba. Yana da kyawunsa: batir na kusa, waya gajeriya ce, ƙara na waje, ba ya cin wurin kaya. Idan akwai fili a sama, can gefe, nesa da salansa, kuma ba a bayan lagireto ba inda fanka ke huro zafi, ana iya ɗaurawa. A sa mai walda ya yi masa mazauni na ƙarfe mai kauri, a ɗaure da noti a jikin bodi. Kada a rataye shi a jikin injin mota, kada kuma ya tare wurin duba mai ko canza filta.

Sauran rabin darasin shi ne numfashi. Injin yana da ɗan hanci mai filta, ta nan yake zuƙar iska. Abin da ya zuƙa shi zai ratsa cikinsa. Mu a nan muna da maƙiya biyu masu karɓa-karɓa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, ga jar ƙurar burji. A Yuli da Agusta kuma ruwa ne, rafin da ka tsallake da safe tayarka ko rabi ba ta nutse ba, da yamma sai ka tarar ya kawo. Ƙura tana cinye cikin injin a hankali, kamar yadda yashi ke cin dutsen niƙa. Ruwa ba ya jira, rana ɗaya ya isa ya sa tsatsa. Maganin mai sauƙi ne, kuma mutane da yawa ba su san shi ba: a yawancin injinan ana iya kwance filtar, a sa mata tiyo, a kai ta wani wuri mai tsabta, har cikin mota ma. Injin yana waje, hancinsa yana ciki. Tiyon ya zama mai faɗi, kada ya lanƙwashe, kada ya yi tsawo fiye da kima.

Wannan ne dalilin da ya sa ba na son a ɗaura shi a ƙarƙashin mota, a jikin shasi. Fili kam akwai, amma can ne matattarar taɓo da tsakuwa da ruwa. Idan akwai tankin ajiye iska, shi ana iya sa shi a can. A ƙasansa akwai ɗan famfo, a riƙa buɗewa ana zubar da ruwan da ke taruwa a ciki.

Ni a ganina, ga mai yawan shiga ƙauyukan Filato, babu kamar cikin mota: ƙarƙashin kujera, ko bayan kujerar baya a Hilux mai ƙofa huɗu, ko gefen but a jif. Babu ruwa, ƙura kaɗan ce, zafin inji bai kai can ba, ɓarawo bai gan shi ba. Aibinsa ƙara. Amma ai lokacin da yake aiki kana waje kana riƙe da tiyo, ƙofofi a buɗe. A sa masa roba a ƙafafu don rage karkarwa. Abin da za a kiyaye shi ne halinmu na cusa kaya ƙarƙashin kujera: darduma, tsumma, leda, silifas. A bar masa sarari kamar faɗin tafin hannu ta kowane gefe, kada wani abu ya taɓa kansa. Galan ɗin fetur kuwa ko kusa. Kafin a huda ƙasan mota, a leƙa ta ƙasa tukuna, domin bututun mai da na birki ta nan suke bi. Idan ka ga waya mai kai rawaya a ƙarƙashin kujera, ta jakar iskar kare haɗari ce, ba a taɓa ta.

Bayan akori-kura ma wuri ne, idan za a yi masa akwatin ƙarfe mai kwaɗo da kafofin shan iska. In ba haka ba, buhun dankali zai danne shi, ko a wayi gari babu shi.

Duk inda ka zaɓa, waya ce za ta biya kuɗin nisan. Inji mai kai ɗaya yana jan wuta mai yawa, shi ya sa za ka ga fis ɗinsa an rubuta 30A ko 40A. Ramin kunna sigari ba zai ɗauki wannan ba. Ƙananan da ake sokawa a can na ƙaramar mota ne, wanda ya saye su don tayar Land Cruiser kuwa, ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Daga batir kai tsaye ake jawo wuta. Idan injin na kusa, waya mai lamba 6mm ta isa. Idan zai koma bayan mota, mita biyar ko fiye, a nemi 10mm ko wadda ta fi. Siririyar waya doguwa tana shanye wuta a hanya, injin ya yi sanyin aiki, ita kuma ta yi zafi. In ka je saye a kasuwar Dilimi da ke Jos, kankare bakin wayar da wuƙa. Idan ka ga fari a ƙarƙashin jan, alminiyum ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye musu abinsu.

Fis ɗin a sa shi dab da batir, bai wuce taƙi ɗaya na hannu ba. Aikinsa kare wayar ne. Idan aka kai shi can kusa da injin iska, duk tsawon wayar ba ta da mai gadi, ranar da ta goge a jikin ƙarfe sai gobara. Inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Ka ce wa mai rewaya ya sa rile, don ƙaramin makunni ya riƙa ba da umarni kawai, babbar wuta ta bi nata hanyar. In za ka ba da iska, bar mota a kunne, a fili, ba cikin rufaffen gareji ba.

Kada ka yi mamaki idan injinka ya ɗan fi jinkiri a nan. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar sama kuwa ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka duk zuƙa ɗaya abin da yake samu ya ragu kaɗan.

Aikin gida

A ce kowace taya tana cin minti 4 kafin ta tashi daga 20 zuwa 35. Minti nawa tayoyi huɗu za su ci? Idan injinka mai 33% ne, wanda ke aikin minti 10 ya huta 20, zai gama su a zama ɗaya?

Nemi igiya. Auna daga batir zuwa wurin da kake so ka ɗaura injin, ka bi da ita yadda waya za ta bi, ba miƙe ba. Sannan auna daga wurin zuwa bawul ɗin tayar da ta fi nisa, don ka san tsawon tiyon da za ka saya. Rubuta lambobin biyu a littafinka, tare da lambar da ke manne a ƙofar direba, ka zo da su aji mako mai zuwa.