Yadda ake tsara ɗakin sauraro a gida don sauti ya fito tsaf

Yawancin sababbin gidajen Maradi na bulo da siminti ne, ƙasa kuma tayil, kuma duk waɗannan suna mayar da sauti maimakon su shanye shi. Shi ya sa lasifika mai tsada kan yi ruri a ɗaki, har kalmomin mawaƙi su cakuɗe da amon ganga. Gyaran da ake nufi a nan na cikin ɗaki ne. Hana ƙara isa ga maƙwabta aiki ne dabam.

Da farko a auna ɗakin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka idan aka raba 343 da ninki biyu na tsawon ɗaki, za a san kakkauran amon da zai riƙa taruwa a ciki: ɗaki mai mita 4 yana ruri a wajen hertz 43, wato kaɗawar sauti sau 43 a daƙiƙa. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suka zo daidai ya fi wuyar gyara. Sai a tsaya a tafa sau ɗaya. Idan aka ji amsa-kuwwa tana kaɗawa, bangaye biyu masu fuskantar juna ne ke jifan juna da sautin.

Mataki na biyu ba ya cin ko dala, kuma a ganina shi ya fi kowanne tasiri. A jera lasifikoki biyu suna fuskantar tsawon ɗakin, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujera. Kada kujerar ta zauna a tsakiyar ɗaki, kada kuma ta manne da bangon baya.

Bayan haka mai sauraro ya zauna, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda aka hango lasifika a madubin a yi alama da alli, domin nan ne za a rataya allon shanye sauti. Kafinta zai iya haɗa shi da katako, a cika shi da auduga a danne, kaurinsa santimita 10, a rufe da yadin da iska ke ratsawa idan an hura. Barin ɗan fili tsakaninsa da bango yana ƙara masa aiki. Siririn soso da kwalin ƙwai da ake liƙawa ba sa taɓa kakkauran amo, kuma suna saurin kama wuta.

Kusurwoyi ne matattarar wannan amo, saboda haka su za a ba alluna mafi kauri, daga ƙasa zuwa sama. A shimfiɗa darduma tsakanin kujera da lasifika, a sa wa taga labule mai nauyi.

A shafa wa katakon maganin gara, a kuma ɗinka yadin yadda za a iya cire shi a wanke bayan ƙurar hunturu. A riƙa ƙara alluna ɗaya bayan ɗaya ana sauraron waƙar da kunne ya saba da ita, a dakata da zarar murya ta fito sarai, domin ɗakin da aka lulluɓe ko'ina yakan kashe armashin kiɗa.